Yadda za ka ajiye injin ban-ruwa da janareta, da abin da za ka yi da tsohon fetur

Da zarar ruwan sama ya zauna a watan Yuni, manoman rani daga Kadawa da Kura har kwarin Haɗejiya da Bakalori da Galmi sai su naɗe tiyo, su ɗauko injin ban-ruwa daga bakin fadama su jingine shi a zaure ko a lungun ɗaki. Ba mai sake waiwayarsa sai Oktoba ko Nuwamba. Ranar da aka fito da shi kuwa, a yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, inji ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Daga nan sai wurin bakanike, ga iri a ƙasa yana jiran ruwa. Haka abin yake ga wanda ya sa sola ya ture janaretarsa gefe, da mai injin markaɗe da ya yi doguwar tafiya, da mai injin feshi, da wanda ya kulle babur ya tafi ci-rani.

Mafi yawan waɗannan injina lafiyarsu ƙalau aka ajiye su. Fetur ɗin da aka bari a cikinsu ne ya lalace, ya toshe su. Aikin da zai hana hakan bai kai awa ɗaya ba, amma sai an yi shi ranar da aka gama aiki da injin, tun yana da ɗumi.

Me ke samun fetur idan ya zauna

Fetur gauraye ne na sinadarai fiye da ɗari, wasu marasa nauyi, wasu masu nauyi. Marasa nauyin su ne ke saurin zama tururi, kuma su ne ke kama wuta lokacin da ka ja igiya inji na sanyi. Su ne kuma ke fara gudu ta ƴar kafar da ke jikin murfin tanki. Shi ya sa tsohon fetur zai iya ci gaba da juya injin da ya riga ya yi zafi, amma ya kasa tayar da shi da safe.

Abin da ya rage sai ya riƙa haɗuwa da iska yana rikiɗa, launinsa ya yi duhu, ya fara fitar da wani danƙo ja-ja kamar ƙaro, wanda idan ya bushe sai ya ƙanƙame a jikin ƙarfe. Zafi na hanzarta wannan sosai. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin ɗakin kwano da aka kulle. Kwanakin da ake rubutawa a littattafan ƙasashe masu sanyi, a wurinmu sai a rage su.

Na uku shi ne ruwa. Tanki na numfashi: da rana iskar cikinsa ta buɗe ta fita, da dare ya zuƙo ta waje. A damina iskar nan cike take da laima, sai raɓa ta kwanta a bangon tankin ta ciki, ta gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake zama, daidai inda bututun mai yake ɗiba, a nan kuma tsatsa take farawa.

Inda abin ya fi yin ɓarna shi ne kafireta, wato inda fetur ke gauraya da iska kafin ya shiga injin. A ƙasanta akwai ɗan ƙoƙo da ke riƙe fetur cokali kaɗan, kuma yana da kafar shan iska, don haka shi ke fara bushewa. Daga ƙoƙon nan mai ke bi ta wasu ƙananan ƙofofi da bakanikai ke kira jet. Babbar cikinsu a irin waɗannan injina ba ta kai milimita ɗaya ba, ƙaramar kuwa ba ta kai rabin milimita ba. Ɗan danƙo kaɗan ya isa ya rufe ta. A cikin kafireta fetur kan fara lalacewa cikin wata guda. A jarka mai rufuwa sosai, a inuwa, yakan kai wata uku zuwa shida. Ni dai a zafin ƙasarmu ba na yarda da fetur ɗin da ya wuce wata uku sai na gwada shi.

Tsawon ajiyar shi ke nuna yawan aikin

Idan injin ba zai wuce mako uku ko huɗu a ajiye ba, rufe makunnin mai, ka bar shi ya cinye na cikin kafireta ya mutu da kansa, ya wadatar. Idan zai kai wata biyu, sai ka zubar da na ƙoƙon kafireta da hannu. Idan kuwa damina guda zai yi, ko fiye, to komai za a fitar, har na tanki.

Akwai wata hanyar da kamfanoni irin su Honda ke bayarwa: a cika tanki taf da sabon fetur, a zuba maganin hana shi lalacewa, irin su Sta-Bil, a bar injin ya yi aiki minti goma don maganin ya ratsa ko'ina. Hanya ce mai kyau, domin tankin da ya cika ba ya barin wa laima wuri. Amma maganin ba a kowace kasuwa ake samunsa ba, kuma ba ya gyara fetur ɗin da ya riga ya tsufa, sabo kawai yake tsarewa. Ga kuma haɗarin ajiye lita uku ko goma sha biyar na fetur wata biyar a gidan da ake girki da itace. Ga manomin da zai ajiye inji daga Yuni zuwa Nuwamba, zubarwa gaba ɗaya ta fi.

Aikin kansa

Ka tanadi sifana mai lamba 10, sifanar fulogi, sukudireba, mazurari, tsumma, jarka mai tsabta, tsohon kwanon ƙarfe, da sabon baƙin mai. Yawancin injinan ban-ruwa masu inci biyu da inci uku, da janareta matsakaita, da injinan markaɗe, Honda GX120 ko GX160 ko GX200 ne ke jansu, ko kwaikwayonsu da ake yi a Sin, saboda haka ma'aunan da zan ambata za su yi daidai da akasarinsu. A waje za ka yi aikin, inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da fitila da mai shan taba.

Dabara ta farko tun kafin ranar take farawa: a kwanakin ƙarshe ka rage sayen mai, ka riƙa zuba daidai na aikin yini, yadda ranar ajiya ɗan kaɗan ne zai rage a tanki.

Tayar da injin ya yi kamar minti biyar ya ɗumama. Idan janareta ce, cire duk abin da ke jone da ita tukuna, domin idan tana mutuwa a hankali wutar da take bayarwa kan yi sama da ƙasa, ta lalata firji ko talabijin, ta kuma taɓa na'urar daidaita wutar da ke cikinta. Idan injin ban-ruwa ne, to ka kula da wannan sosai: kada ya yi aiki ba ruwa a tukunyarsa. Tsakanin injin da tukunyar akwai wani sil, wato zoben da ke hana ruwa yoyo, wanda ruwa ne kaɗai ke sanyaya shi. Minti kaɗan a bushe sai ya ƙone, kuma da kaka za ka tarar injin na zubar da ruwa ta ƙasa ko ya ƙi ja sam. Ka sa tiyon a cikin duro ko rijiya mai ruwa garai, ya ja ya wanke laka da yashin da suka taru a ciki. Wanda ya yi amfani da injinsa wurin tura ruwan taki, wannan wankin wajibi ne a kansa, don taki na cin ƙarfe.

Sai ka rufe makunnin mai injin na tafiya. Zai yi minti ɗaya ko biyu, ya fara sama-sama, ya mutu. Da yawa a nan suke tsayawa, suna ganin mai ya ƙare. Bai ƙare ba. Akwai saura a gindin ƙoƙon da jet ba ta kaiwa gare shi, kuma wannan sauran ne ke zama danƙo.

Tun injin na da ɗumi ka canza baƙin mai. Kwance notin da ke gindin injin, karkata shi kaɗan man ya tsiyaye a kwano, mayar da notin tare da wasarsa, wato ɗan zoben ƙarfen da ke jikinsa, ka zuba sabo. GX160 kan ci kusan lita 0.6, wato har man ya zo bakin kafar zubawa idan injin na zaune daidai a ƙasa. Dalilin yin haka yanzu, ba sai kaka ba, shi ne tsohon mai na ɗauke da ruwa da sinadarai masu tsami da suka fito daga ƙonewar fetur, kuma idan suka kwanta wata biyar a kan ƙarfe sai su ci shi. Kada ka ajiye inji ba mai a ciki da niyyar za ka zuba daga baya. Wani ɗanka ko ƙanenka zai iya fito da shi ba ka nan, kuma ba kowane inji ke da na'urar da ke hana shi tashi idan ba mai ba.

Yanzu ka bar shi ya huce sarai, salansa ta yi sanyin da za ka iya dafa ta da hannu. Sannan ka duba ƙasan kafireta. Za ka ga noti biyu: ɗaya a tsakiyar gindin ƙoƙon, shi ke riƙe da shi, ɗaya a karkace a gefe, shi ne na zubar da mai. A wasu injinan sukuru ne maimakon noti. Tara kwano, sassauta na gefen, ka bar man ya tsiyaye. Idan za ka fitar da na tanki ma, buɗe makunnin mai ka sa mazurari da jarka, duk zai bi ta nan ya fita. A hankali yake zuba, ka yi haƙuri da shi. Kusa da makunnin akwai wani ɗan ƙoƙon kuma mai tara datti. Kwance shi, za ka ga jan gari na tsatsa da ɗigon ruwa a ciki. Wanke shi, ka kula kada zoben robar da ke bakinsa ya faɗi, ka mayar. Notin kafireta ba ya son ƙarfi, jikin nata alminiyam ne mai laushi. Da ya tsaya, ɗan ƙari kaɗan ya isa.

Kada ka zuƙo fetur da baki ta tiyo. Abu ne da aka saba gani a tasha da gareji, amma ɗigo kaɗan idan ya faɗa huhu yana jawo ciwon huhu mai tsanani.

Tankin ƙarfe da aka bari fanko a damina zai iya tsatsa. Maganinsa, bayan ya bushe ka zuba baƙin mai cokali biyu, ka jujjuya injin ko tankin man ya shafi bangon ko'ina, ka rufe murfin. Tankin roba ba ya buƙatar wannan.

Daga nan sai fulogi. Share ƙurar da ke kewaye da shi kafin ka kwance, don kada ta faɗa ciki. Zuba sabon baƙin mai cokalin shayi ɗaya ko biyu ta kafar, tabbatar makunnin wuta na kashe, ɗora tsumma a bakin kafar, ka ja igiya a hankali sau uku ko huɗu. Man zai shafe bangon silinda ya hana zoben fistin kamewa. Duba fulogin: idan bakinsa ya yi baƙi da toka, goge shi da burushin waya. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Fara ɗaura shi da hannu kafin ka sa sifana, don kada ka ci zaren. Bayan ka mayar, ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri, sai ka sake ta a nan. A wannan matsayin bawul biyun, wato ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi, duk a rufe suke, laima ba ta da hanyar shiga silinda ta salansa ko ta kafireta. Mataki ne na daƙiƙa biyar da mutane ƙalilan ke yi, alhali shi ke hana bawul tsatsa ya maƙale.

Matatar iska idan ta soso ce, wanke ta da ruwa da sabulu, ta bushe sarai, ɗiga mata mai kaɗan ka matse. Idan ta takarda ce, kaɗe ta kawai, kada ruwa ya taɓa ta.

Mai injin ban-ruwa, saura tukunya. Akwai murfi a sama na cikawa, akwai wani a ƙasa na zubarwa. Buɗe duka biyun, karkata injin ruwan ya fita tas, ka bar shi a rana ya bushe kafin ka rufe. Farfelar ciki ta baƙin ƙarfe ce a yawancinsu. Idan ruwa ya kwana a kanta wata da watanni sai ta yi tsatsa ta kame, ka zo jan igiya ka ji ta ƙi motsi, ka ɗauka injin ne ya buga. Toshe bakunan biyu da tsumma ko leda. Tiyo kuma a tsiyaye shi, a naɗe, a rataye a inuwa.

Idan janaretar mai batir ce, cire wayar baƙa tukuna sannan ja, ka ajiye batirin wuri mai sanyi. Batir na zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba, a zafi kuma ya fi sauri. Ka yi masa caji duk wata. Cikakke yakan nuna kusan bolt 12.6, idan ya sauko ƙasa da 12.4 yana neman caji. Wanda aka bari ya mutu murus wata da watanni ba kasafai yake dawowa ba.

Ƙananan injina masu cin gauraye

Ƴar ƙaramar janaretar nan mai lamba 950 da ke kusan kowane shagon aski da na cajin waya, da injin yankan itace, da yawancin injinan feshi na goyo, ba su da wurin baƙin mai daban. A cikin fetur ake zuba musu man, akasari kashi 1 cikin 50, wato mililita 20 a kowace lita. Gaurayen nan ya fi fetur zalla saurin lalacewa: fetur ya gudu ya bar man, ya zama kauri a kafireta. Kamfanin Stihl na cewa a yi amfani da abin da aka gauraya cikin kwana 30. A injin yankan itace da wasu na feshi kafiretar ba ta da ƙoƙo, wata siririyar roba ce ke tura man, kuma tsohon fetur na sa ta ƙandare. Juye tankin a jarka, tayar da injin ka bar shi yana tafiya a hankali har ya mutu. Kada ka ba shi wuta sosai a wannan lokacin, domin man da ke shafa masa jiki na ƙarewa tare da fetur ɗin.

Waɗanda suka mayar da injinsu mai amfani da gas ɗin girki bayan tsadar mai, su ma su duba tankinsu. Sau da yawa akwai fetur a ciki da aka manta tun ranar da aka yi juyin.

Wurin ajiya

Ɗora shi a kan katako ko bulo, kada ya zauna a daɓe, kuma a zaune daidai, ba a kifa shi ba. Rufe shi da buhu ko tsohon zane. Leda na tara gumi a ciki, tsatsa take kawowa. Toshe bakin salansa da tsumma, don zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki, kuma inji mai toshasshiyar salansa ba ya tashi. Ɓera na cin wayoyi da soson matata, yana kuma yin sheƙa a bayan murfin igiya inda iskar sanyaya injin ke bi. Kada ka ajiye inji ɗaki ɗaya da buhunan taki, tururinsu kaɗai na sa ƙarfe tsatsa. Ɗaura ƴar takarda a hannun igiya ka rubuta ranar ajiya, da cewa ba fetur, an canza mai, salansa a toshe take.

Janaretar da ake ajiyewa don ranar da wuta ta ɗauke, ita dabam ce. Gara a riƙa tayar da ita duk wata, ta yi minti 15 zuwa 20 da ƙwan fitila ko fanka a jone, sannan a cire kayan a rufe mai ta mutu. Idan ta daɗe ba ta juya ba, maganaɗisun da ke fara haifar da wutar kan raunana, sai injin ya tashi amma ba wuta. A waje ake wannan, nesa da taga. Gubar da ke cikin hayaƙin janareta ba ta da wari mai faɗakarwa, kuma ta sha hallaka iyali guda a cikin barci.

Tsohon fetur

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Ba wanda zai so zubar da lita biyar, kuma sau da yawa ba sai an zubar ba.

Wanda ka fitar daga injin ranar ajiya sabo ne. Zuba shi a babur ko mota a ƙone shi cikin makon, kada ka ajiye shi yana jiran kaka.

Wanda ka tarar ya daɗe kuwa, gwada shi. Zuba kaɗan a kwalbar gilashi mai tsabta, ka zuba sabo a wata, ka ajiye su gefe da gefe a haske. Idan launinsu kusan ɗaya ne, warin ma ɗaya, kuma garai yake, yana da amfani. Idan ya ɗan yi duhu ya koma launin shayi marar kauri, ƙarfinsa ya ragu amma ana iya ceto shi. Idan ya yi ja sosai, yana warin tsami irin na tsohon fenti, ko ya yi gurɓi-gurɓi da ɗan datti na yawo, to ya mutu. Bar kwalbar ta zauna minti goma ka duba gindinta. Ruwa zai fito a matsayin ƙwallaye ko layi dabam a ƙasa.

Ga wani gwajin mai amfani musamman ga man ƴan bumburutu da ba ka san asalinsa ba. Zuba ruwa kaɗan a siririyar kwalba, yi alama daidai inda ya tsaya, ƙara fetur ninki tara, girgiza, ka bar shi ya kwanta. Idan layin ruwan ya haura alamar, akwai sinadarin barasa a man, itanol ko metanol, wanda ke jawo laima yana kuma cin roba da alminiyam. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar an shigo da fetur mai metanol fiye da kima daga Antwerp ta Beljiyam, motoci da dama suka lalace. Irin wannan man ba na ajiya ba ne ko na mako biyu.

Wanda za a iya ceto shi, bar jarkar ta kwana a zaune ba motsi, sannan ka tsiyaye na sama a hankali ta mazurarin da ka shimfiɗa wa tsumma mai tsabta ninki biyu, ka bar na gindi da ruwansa. Gauraya kashi ɗaya nasa da kashi huɗu na sabo, ka yi amfani da shi a inji mai kafireta da ke aiki kullum, kamar injin markaɗe ko babur. Kada ka sa shi a injin yankan itace, kuma kada ka sa wanda aka gauraya da baƙin mai a motar zamani mai injekta.

Wanda ya mutu da na gindin jarka, a nan ake kuskure mai tsada. Kada a zuba shi a kwata ko masai ko shadda. Tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, ƙasa yake bi ya taru a rami, ashana ɗaya ta tayar da shi. Kada a zuba a gona ko kusa da rijiya, yana ratsa ƙasa ya gurɓata ruwan sha. Kada a hura wutar shara ko murhu da shi. Kuma don Allah kada a juye shi a galan ɗin kananzir ko a kwalbar lemo. Kananzir da fetur ya shiga shi ke fasa risho da fitila a fuskar mata da yara. Idan yaro ya sha fetur, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti nan take.

Idan bai wuce rabin kofi ba, zuba shi a faffaɗan kwanon ƙarfe a fili, nesa da gida da yara da dabbobi da duk wata wuta, ka tsaya a kansa har ya bushe. Idan lita ce da yawa, rufe shi a jarka, rubuta a jiki, ka kai babban gareji ko gidan mai da ke tara tsohon mai, ka faɗa musu ainihin abin da ke ciki don kada su juye shi a duron baƙin mai ba su sani ba. Tsohon baƙin man da ka fitar ma can za ka kai shi.

In dole ne ka ajiye fetur a gida, nemi jarkar ƙarfe ko ta roba mai kauri da aka yi don mai. Jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa da aka saba ɗiba da ita murfinta na sakin tururi, tana kuma kumbura a zafi. Kada a cika ta har baki, fetur na ƙaruwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri goma. Rubuta ranar saye, ajiye ta a inuwa a wajen ɗakin kwana, da bokitin yashi kusa. Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa.

Ranar fitowa da shi

Cire tsumman salansa, duba wayoyi da bututun mai ko ya tsage, duba baƙin mai. Idan ka shafa wa tanki mai, ɗauraye shi da fetur kaɗan ka zubar a kwano. Zuba sabon fetur, buɗe makunni, jira minti ɗaya ƙoƙon ya cika, ka duba ko akwai yoyo. Cika tukunyar injin ban-ruwa da ruwa, ja cok, wato ɗan hannun da ke rage wa injin iska lokacin tayarwa, ja igiya. Zai yi farin hayaƙi na ɗan lokaci, man da ka zuba a silinda ne ke ƙonewa.

Wanda bai samu yin duk wannan ba, ya tarar da inji da tsohon mai a ciki, kada ya fara da jan igiya, don hakan tura danƙon yake cikin jet. Ya zubar da na tanki da na kafireta tukuna, ya zuba sabo. Idan injin ya tashi amma sai da cok, da an buɗe ya mutu, babbar jet ce ta toshe. Idan yana hawa da sauka shi kaɗai, ƙaramar ce. Idan fetur na malala daga kafireta, allurar da ke tsayar da mai ce ta maƙale, kuma a nan sai a sansana baƙin mai, domin fetur kan gangara cikinsa ya tsinka shi, sai an canza. Wankin jet da maganin feshi na kafireta ake yi, a bi kafar da silin waya ɗaya na tagulla daga tsohuwar wayar wuta. Allurar ɗinki ta fi jet ɗin tauri, za ta faɗaɗa kafar, injin ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har sai an sayi wata.